Gishirin Maƙwabta

A unguwarmu ta Tambuwal mu huɗu ne muke ciyayya, kuma mun haura shekara talatin a kanta. Da an sallame sallar magariba kowa zai leƙa zaurensa ya ɗauko kwanon tuwon da aka ajiye masa, mu haɗu a kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidana. Ba a buɗe kwano biyu a lokaci ɗaya. Sai a fara da guda, hannu huɗu su shiga har a ga gindinsa, sannan a jawo na gaba. Haka muka tarar iyayenmu suna yi, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya tsara mana.

Ni manomi ne, kuma a da ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, kafin waya ta zo ta kashe mini kasuwa. Na biyu mahauci ne da muke kira Sarkin Fawa, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Na uku tsohon malamin firamare ne, Bafillace siriri, har yau Hedimasta ake ce masa. Na huɗu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, mai sayar da hatsi a kasuwa. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa bawana, kuma ba a taɓa raba gardamar ba.

Kowane gida da hannunsa. Miyar gidan Sarkin Fawa kitse ne yake iyo a kanta, in ka ci sai ka tashi leɓenka yana ƙyalli. Gidan Hedimasta da ludayi suke zuba man shanu. Matar taubashina kuwa Allah ya ba ta hannu mai nauyi wajen gishiri da dunƙulen magi, miyarta takan sa mutum ya yi ta zarya gun randa, amma ita muka fi yi wa wawaso. Maiɗakina, Hajiya, ba a ja da ita a miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa. Matan ba sa zama tare da mu, amma suna da alƙalinsu, wato kwanon da ya koma ciki. In ya koma a suɗe, mai shi ta ji daɗi. In ya koma da saura, kafin hantsi labari ya tsallaka katanga ya zaga gida huɗu.

Shekarar da abin ya faru ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, aka kira ni a waya daga Kebbe aka ce wana ya faɗi a gona. Shi kaɗai ya rage mini a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya. Na hau kabu-kabu, wato babur na haya, muka kama hanyar nan da ruwa ya cinye, mu sauka mu tura mu sake hawa, ban isa ba sai bayan azahar. Na same shi kwance a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, bakinsa ya karkace. Ya gane ni, hawaye ya zubo masa, amma magana ta ƙi fita.

Wadda take kula da shi wata ma'aikaciyar lafiya ce, sa'ar 'yata ta fari, mai fara'a da saurin magana. Mutanen Kebbe Likita suke ce mata. Ita takan ce ba ta kai likita ba, amma ba mai saurarenta, ni ma ban saurara ba. Bayan na gama yi wa wana addu'a ta kira ni gefe.

"Baba, kai ne ƙanensa?"

"Ni na, ɗiyata."

"Mahaifinku me ya yi ajalinsa?"

Na gaya mata yadda ya dawo daga kasuwa wata rana yana kukan ciwon kai, ya kwanta, bai sake tashi ba. Na ce mutane sun ce iska ce ta buge shi a hanya.

Ta ce, "Miƙo mini hannunka."

"Ni da niz zo dubiya? Ai lafiyata ƙalau."

"Shi ma jiya da safe lafiyarsa ƙalau, har ya ɗauki fartanya."

Na naɗe hannun riga. Ta ɗaura mini wani ƙyalle mai kauri a damtse, ta danna maɓalli, abin ya kumbura ya matse ni, sannan ya saki a hankali. Lambobi biyu suka fito a fuskar abin awon. Ta ce in zauna in huta daga wahalar hanya, ta sake aunawa. Washegari da safe ta ƙara. Sannan ta ce lambar sama bai kamata ta kai ɗari da arba'in ba, tawa kuwa duk sau ukun ta wuce ɗari da saba'in. Ta ce hawan jini gare ni, irin wanda ya kwantar da wana, kuma da alama shi ne iskar da ta buge mahaifinmu.

Ta yi mini bayani da injin ban-ruwa na fadama. Ta ce in ruwa yana bin tiyo da ƙarfin da ya wuce ƙima kullum, wata rana wuri mai rauni zai fashe, ko a kai, ko a zuciya, ko a ƙoda. Ta ce sau da yawa mutum ba ya jin komai har ranar. Akwai gado a ciki, akwai shekaru, waɗannan ba hannuna. Amma gishiri da dunƙule da kanwa da kitse, da teɓar da na ajiye, da hawan babur zuwa inda ƙafa za ta iya kai ni, da goron da ba ya rabuwa da kumatuna, duk waɗannan a hannuna suke. Na ce mata rai da ajali na Allah ne. Ta ce haka ne, kuma maganin ma nasa ne. Na ga ta fi ni gaskiya.

Ta ba ni kati da ƙwayar magani, guda kowace safiya, ta ce ko na ji garau kada in daina, don ba irin zazzaɓi ba ne da ake sha a warke a jefar da kwalin. Na juya bayan katin na rubuta duk abin da ta faɗa da ajami, tana leƙowa tana dariya, wai rubutuna ya fi na likitoci kyau. Ta ce in riƙa zuwa duk wata in na zo duba wana, ta auna ni.

Da na karanta wa Hajiya bayan katin, ba ta tsaya jan magana ba. A ranar ta kwashe dunƙulen da ke cikin gwangwani ta bayar, ta ɗauke kanwa daga kusa da murhu. Gishiri ya koma ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka. Ta ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da albasa, wani lokaci ta daka busasshen kifi ta zuba. Ni kuma na fara tafiya gonata ta hanyar Jabo da ƙafa, in fita bayan asuba in dawo kafin rana ta yi zafi. Goro na mayar da shi ɓari guda a yini, shi ne ya fi ba ni wuya.

Ƙwayar kuwa ta zo da nata halin. Ni mutum ne da nakan riƙe alwala tun walaha har la'asar, ina kuma ɗan alfahari da hakan a zuciyata, Allah ya yafe mini. Sai ga shi kafin hantsi na zagaya sau uku. Taubashina ya lura da yadda buta ba ta barin hannuna.

Ya ce, "Bawana, in butar ga ta yi maka nauyi ka rataya ta ga wuya, awa laya."

Da na kai ƙara wurin Likita ta ce aikin maganin ke nan, yana fitar da gishiri da ruwan da suka yi wa jiki yawa, shi ya sa ake shansa da safe, kuma zai lafa. Ya kuwa lafa.

A wurin ciyayya wani abu ya fara faruwa wanda ba wanda ya furta. In an buɗe kwanon gidana, kowa zai yi loma biyu ko uku, ya ce alhamdu lillahi, ya ɗan ja baya yana jiran na gaba. Zan faɗi gaskiya, tunda na ɗauki alƙalami don in faɗe ta: ni ma hannuna ya fi sauri a sauran kwanukan. Ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin karya doka ba. An ce a gyara girkin gidana, an gyara. Abincin maƙwabta kuwa a wurina zumunci ne, kamar gaisuwa, kamar zuwa suna. Bai taɓa zuwa raina cewa katin asibiti yana da ta cewa a kansa ba.

Wata na farko Likita ta ce jinin ya ɗan sauka, amma bai kai inda take so ba. Wata na biyu Hajiya ta raka ni don ta gaida wana. An riga an sallame shi, ranar aka kawo shi asibiti a duba shi, yana zaune a kan benci kusa da mu, ya fara motsa ƙafa amma magana sai gurnani. Likita ta auna ni, ta dubi lambar, ta ɓata fuska.

"Yana nan inda yake. Baba, kana shan maganin?"

"Ko kwana guda ban tsallake ba."

"Tafiyar ƙafa fa?"

"Dubi takalmina ki gani."

Sai ta juya wajen Hajiya cikin ladabi. "Inna, gishirin fa? An rage kuwa?"

Ashe Hajiya a cike take. Ta gyara mayafi ta ce, "Ɗiyata, gara da kinka tambaya. Ni da anka sani da miya unguwa duka, yau wata biyu kwanona shina komowa da rabin tuwo. Mata na ta faɗin tsufa ya kama ni na mance girki. Duk na haɗiye saboda lafiyar malam. In rage mi kuma? In dafa mai ruwa?"

"Kwanon yana komowa daga ina?"

"Daga wurin ciyayya mana."

Likita ta ajiye biro. Ta dube ni kamar yadda malami yake duban ɗalibin da ya wanke allonsa bai biya ba.

"Baba, kwano nawa kake sa wa hannu bayan magariba?"

"Fuɗu."

"Nawa Inna ta dafa a ciki?"

"Guda."

"Wanne ka fi ci?"

Na ɗaga kai ina duban silin. Sai muka ji wani sauti daga kan benci. Wana ne yake dariya da karkataccen bakinsa, kafaɗarsa tana rawa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni, ya yi ta kokawa da harshensa, can ya ce, "Kwa-ɗa-yi."

Ita ce kalma ta farko da na ji ta fito daga bakinsa sarai tun ranar da ya faɗi. Hajiya ta yi kabbara, ni na rasa ko in ji kunya ko in yi sujada. Na yi duka biyun a zuciyata.

Da dariya ta lafa, Likita ta ce laifin har da nata, don gidansu ma ana ciyayya, ya kamata ta tambaya tun farko. Ta ƙara mini wata 'yar ƙwaya ta biyu. Sannan ta ce magani ba zai yi ta ɗebe ruwa ana ƙara zubawa ba. Tuwon dare shi ne babban abincina, dole ya zama na gidana shi kaɗai. Ta nuna wana da ido, ta rage murya ta ce ba ta son ta ga mun zama mu biyu a kan bencin nan.

A hanyar komawa ban ji ramukan hanya ba, tunani ya ɗauke ni. Abin da ta nema yana da sauƙin faɗi. Amma in zauna a kan tabarma in ci kwanona ni kaɗai, in janye hannu in an buɗe na wani, wannan a wurinmu kamar ka ce kana ƙyamar girkin matar mutum ne, ko kana zargin an sa maka wani abu. In kuma na daina fitowa, ai a unguwarmu tafiya ko mutuwa ko gaba ne kawai suke ɗauke mutum daga ciyayya.

Na tara abokan ciyayyata su uku na yi musu bayani, har na karanta musu bayan katin. Na ce kwanona zai ci gaba da fitowa, ni kuma zan riƙa cin nawa tuwon a cikin zaure.

Taubashina ya ce, "Ciwon da ba a gani, ba a ji, ba ya hana ka noma? Bawana, faɗi gaskiya, Hajiya na soya maka kaji a ɓoye, ba ka son a gani."

Sarkin Fawa ya ce shi kakansa ya ci kitse har ya shekara kusan ɗari. Hedimasta ya ce lafiya tana gaba da komai, amma ya faɗa yana kallon ƙasa.

Kusan mako uku na yi ina cin tuwo ni kaɗai a zaure, ƙofa a saye, ina jiyo su. Kwanakin farko ana dariya kamar kullum, na ji haushi. Daga baya dariyar ta ragu, suka riƙa watsewa da wuri, wannan kuma ya fi damuna. Matar Hedimasta ta shigo ta tambayi Hajiya ko an yi mana wani laifi ne. Wata safiya liman ya riƙe hannuna bayan sallah ya ce in akwai abin da ya shiga tsakanina da maƙwabta, a zauna a gyara. Na rantse masa ba komai, ya ce to, amma na ga bai gamsu ba. Tuwon ma ya daina wucewa. Nakan yi loma kaɗan in rufe kwano.

Hajiya tana kallo. Ran nan ta ɗauki kwanon ta buɗe ta ce, "Malam, wanga zama naka shi ma ciwo na." Ban san ta karɓi lambar wayar Likita tun a Kebbe ba, ban kuma san Likita takan shigo Tambuwal ranar kasuwa ta yi sayayya ba.

Ranar kasuwa bayan la'asar muna zaune mu huɗu a gindin darbejiya, don hirar rana ba a hana ni ba, sai ga Likita ta sauka daga kan babur da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaida mu, ta ce Inna ce ta ce ta biyo ta sha fura. Tunda ta zo, bari ta auna ni. Ta fito da abin awon a nan gaban kowa ta ɗaura mini. Hedimasta ya sa tabarau ya karanta lambar da ƙarfi, Likita ta ce an fara samun sauƙi.

Taubashina ya matso yana leƙe. "Wanga ɗan akwati shi ar raba mu da bawana? In ni ne, da ya ji damtsen namiji sai batir nai ya mutu."

Daga bayan ƙofar zaure muka ji muryar Hajiya. "Likita, ki ƙyale shi. Tsoro shika ji. Tun yana saurayi ko allura anka ce sai ya haura katanga."

"Ni? Ni ka jin tsoro?" Ya tuɓe babbar riga ya jefar a kan tabarma, ya miƙa hannu. "Ɗaura, ɗiyata. Ɗaura ki ba matar bawana kunya."

Ta ɗaura. Abin ya kumbura ya saki. Hedimasta ya sunkuya, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya karanta. Lambar ta fi duk wadda aka taɓa samu a jikina.

Taubashina ya ce, "Akwatin ga ya san masu shi. Sake."

Ta ce ya zauna ya huta, ya daina surutu, wanda shi ne abu mafi wuya da aka taɓa nema a wurinsa. Kafin nan ta auna Sarkin Fawa, nasa ma ya hau. Ya ce, "Ni da nika kada bijimi ƙasa ni kaɗai?" Ta ce ƙarfin damtse daban, jijiya daban. Hedimasta ne kaɗai aka samu nasa daidai. Ya miƙe ya zaga darbejiya hannu a baya kamar mai duba layin 'yan makaranta, yana cewa dama ya daɗe yana gaya mana Fulani ba irinmu ba ne. Likita ta ce shi ma ya riƙa aunawa lokaci-lokaci, shekaru ba su san Fulani ba.

Da aka sake auna taubashina lambar ba ta sauka da yawa ba. Likita ta ce awon yini guda ba hukunci ba ne, su biyun su je asibitin gari a sake dubawa a ranaku dabam-dabam, kada kuma wanda ya ari ƙwayata, don kowa da irin wadda ta dace da shi. Sannan ta shiga cikin gida, inda ashe Hajiya ta riga ta tara matan uku.

Taubashina ya jawo rigarsa ya saka. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya na Kebbe, haka nashi yaf fara?"

Na ce, "Haka. Ba ko sallama."

Ya gyaɗa kai. Ban tsokane shi ba a ranar, ko da yake na sami dama irin wadda ban taɓa samu ba a shekara sittin.

Asibitin gari ya tabbatar da abin da Likita ta gani, aka ɗora su biyun a kan magani. A cikin matan ma an sami matar taubashina da shi, ita da ta daɗe tana ɗaure kai da ɗankwali tana cewa rana ce. Ita ce ma ta fi kowa ɗaukar abin da zafi. Matan suka yi shawararsu a tsakar gidana, ba a gayyace mu ba. Abin da ya iso gare ni kawai shi ne umarni: in rubuta abin da ke bayan katina a takarda huɗu da ajami, da manyan baƙaƙe, don dukansu sun yi karatun allo suna iya karantawa. Na zauna na fere alƙalami na rubuta, kowace ta liƙa tata a bangon madafa. Gidan Sarkin Fawa aka fara yaɗe kitse daga kan miya. Man shanun gidan Hedimasta ya sauko daga ludayi zuwa cokali, yana ta ƙorafin an hukunta shi da laifin wasu.

Ranar da na koma tabarma, na fito da kwanona bayan magariba na tarar sun bar mini wurina na jikin bishiya. Aka jawo kwanon gidan taubashina aka buɗe, muka yi bismilla. Ya kai loma baki, ya tauna, ya tsaya.

"Jama'a, wagga miya ta ko ruwan wanke allo?"

Daga cikin gidansa, ta kan katanga, matarsa ta amsa, "Ci ka gode Allah, Alhaji. Likita ta ce sati kaɗan harshe ka sabawa."

Muna cikin dariya na ga hannun Sarkin Fawa ya tafi wajen hularsa a hankali, kamar mai sosa kai, ya sauko a dunƙule ya nufi gefen kwanon da ke gabansa. Hedimasta ya cafke wuyan hannun.

"Buɗe."

"Mi zan buɗe?"

"Shekara talatin da biyar ina kama masu satar amsa. Buɗe."

Ya buɗe. Ɗan ƙullin gishiri ne a takarda. Ya rantse wai na shanun da zai yanka gobe ne, ya manta shi a hula. Hedimasta ya ce tunda na dabbobi ne, bari a kai wa masu shi. Ya tashi ya zazzage shi a gaban tunkiyata da ke ɗaure a turke, ta lashe tas tana neman ƙari. Na yi dariya har hawaye ya zubo mini, na ci tuwo a daren nan kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

Maganar Likita ta tabbata, harshe ya saba. Bayan wata biyu aka gayyace mu walimar aure a Jabo, taubashina ya ɗanɗani miya ya matso kunnena ya ce mutanen garin nan suna son kashe baƙi da gishiri. Shi ne kuma ya fara biyo ni tafiyar safe, wai don ya tabbatar ba na tsayawa sayen goro a hanya.

Bayan an gama girbi, hanya ta bushe, muka tafi Kebbe ni da shi a kan babur guda. Muka tarar da wana a ƙofar gida a tsaye, ya dogara da sanda, ya amsa sallamarmu da bakinsa, kalma bayan kalma. Muka zauna muka sha fura, sannan muka wuce asibiti. Likita ta auna ni, ta jira, ta sake aunawa. Ta juyo da fuskar abin awon wajena, ko da yake ta san lambobin boko ba su cika zama a kaina ba.

Ta ce, "Ya sauka ƙasa da ɗari da arba'in, Baba. Maganin dai ba a dainawa, tafiyar ma haka."

Na ce, "Ciyayyar fa, ɗiyata?"

"Ci kwanonka huɗu. A gaida mini Inna, ita ce likitar, ba ni ba."

Na yi wa Allah godiya a fili. Taubashina ya ce a yi sauri a auna shi, rana tana yin ƙasa, kuma yau gidan Hedimasta dambu aka ce za a yi. Muka roƙi mai babur ya ɗan taka. Muna shigowa unguwa ladan yana ɗaga murya, na sauka na yi alwala a ƙofar gida, ina jin Hajiya tana ajiye kwano a zaure.